Dattijuwar Da Ta Ƙi Faɗin Sunan 'Yarta

Wallahi abin da zan gaya muku da ni ya faru, wanda ya ga dama ya ƙaryata, shi ya jiyo. A shekarun nan ne na bayan korona da kwanon gero ya gagari talaka, ina ajin ƙarshe a jami'a ina karatun gwajin jini da ƙwayoyin halitta, da furfurata, don sai da sikila ta cinye min yara biyu sannan na shiga makarantar manya. Bincikena ya kai ni wani ƙauye bayan Makoda, na kafa tebur a gindin ɗorawa ina ɗibar jini, mutane kuwa sai noƙewa suke, wai sayarwa za mu yi.

Rana tsaka sai ga wata dattijuwa ta fito daga cikin gero, ta ce sunanta Tabawa, ta miƙo hannu na ɗiba, hannun nan sanyi ƙalau kamar randa. Ta ce, "Malama, ki je gidan can mai ƙofar langalanga ki duba jikata, wadda yarinyar nan ta haifa, gobe za su yi mata sakiya."

Na ce, "Wace yarinya, Inna? Sunanta?"

Ta sunkuyar da kai. "Haba ke kuwa, 'yar fari ce fa."

"To ai takardata ba ta san alkunya ba."

Ta yi dariya ta koma cikin geron.

Na je na tarar da wata matashiya rungume da jaririya, hannu da ƙafa a kumbure, ido ya yi rawaya. Wayyo, na san kumburin nan! Uban har ya yi magana da wanzami, na ce masa duk wanda zai ɗora wa yarinyar nan ƙarfe mai zafi sai ya fara da ni. Na ɗebi jininta, na ce wa uwar ta gode wa innarta Tabawa, ita ta aiko ni.

Ta zuba min ido. "Inna ai tun bara ta rasu." Can ta ce, "Ta faɗi sunana?"

Na ce, "Ƙi ta yi."

Sai ta fashe da kuka. "Ita ce. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗa ba."

Gwaji ya nuna sikila ce, aka fasa sakiya aka kai ta asibiti, yanzu haka tana zuwa makaranta. Kwalbar Tabawa kuwa da hannuna na saka ta a na'ura, sakamako ya fito tsaf kamar na kowane mai rai, mai ɗauke da gadon cutar ce. Ban gaya wa malamina ba, me zan ce masa? Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take.

Jama'a, in hannun jariri ya kumbura a kai shi a gwada jininsa. In kuma aka aike ku wajen mara lafiya ku tashi ku je, kada ku tsaya bin diddigin wanda ya aike ku.