Maroƙin da Aka Ba Riƙon Rijiya

A gidanmu na unguwar Ɗan Iya a Bauchi, da an idar da Magariba sai mu kewaye murhun kakarmu Inna Dije, tana suyar gyaɗa a kasko, tana buge hannun duk wanda ya yi gaggawa. Lokacin ana ta haramar zaɓe, Turawa na shirin tafiya. Babanmu malamin makaranta ne, amma a Bauchi da waƙar zambo aka san shi. Shi ke tsara wa jam'iyyarsu baitocin da ake rerawa a wajen taro, har abokan hamayya su ji kunyar shiga kasuwa.

Ran nan Baba na bakin ƙofa yana goge fitila, Inna ta ce, "Ku matso, ta yau ba ta dariya ba ce."

Ta kawo mana labarin wani maroƙi mai kaifin baki. Wa da ƙane ne ke neman sarautar kasuwa. Ƙanen ya kira shi ya ce, "Ka zubar mini da mutuncin yayana. In na samu, kai ne na hannun damana." Maroƙi ya duƙufa, har yara suka riƙa bin yayan da waƙa, ya bar gari. Ranar naɗi maroƙi ya sha ado ya zo. A zaure aka tare shi, aka miƙa masa riga da jaki, aka ce an ba shi riƙon wata rijiya can bakin daji.

Na ce, "Inna, me ya yi musu?"

"Ai sun ga aikin bakinsa, mijina. Tsoro ya kama su."

Baba ya yi dariya. "Inna, mutanenmu ba haka suke ba."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

Da aka sami 'yancin kai, mutanen Baba suka hau kujeru. Sun yi masa alkawarin aiki a Kaduna, sai ga shi an tura shi wata makarantar ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Ya je gidan wani babba a cikinsu wanda suka saba cin tuwo kwano ɗaya, aka ce yana barci. Ya koma, aka ce ya fita.

A ƙauyen ya juya waƙarsa kan 'yan jam'iyyar tasu, kan haraji da cin zalin manoma. Mutanen wurin suka riƙe shi kamar ɗansu, amma har ya rasu bai huce ba.

Ina yaro na ɗauka nisan ƙauyen ne ke cin ransa. Sai da na manyanta na gane ba shi ba ne. Shi ya ɗauka abokai ya yi, su kuwa hayar bakinsa kawai suka ɗauka.