Baitin da Na Tsallake

Tun ina yaro nake da kunnen waƙa, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. A bakin iyakar Jibiya na tashi, inda motocin Maraɗi ke tsayawa a duba takardunsu, kowace mota da kiɗanta. Na ji na kalangu, na ji na garaya, na ji wanda ’yan Nijar ke shigowa da shi daga hamada. Amma har gobe ban ji kamar wani makaɗin kukuma na tsallake ba, wanda kan zo tasha ranar kasuwa. Yana da waƙar direbobin wannan hanya, kowane direba da baitinsa da kirarinsa, kuma mahaifina na ciki.

Ni na ɗauki waƙar a kaset, ina tsugune gaban makaɗin da rediyon gidanmu, har ana jin hon ɗin mota da tarin wani tsoho a ciki. Ba a daɗe ba makaɗin ya rasu, mahaifina ya bi shi. A iya sanina babu wani kaset ɗin sai nawa.

Wata rana maƙwabcin rumfata ya zo aron kaset ɗin. Ni facin taya nake yi, shi baƙin mai yake sayarwa, kwano ɗaya muke ci da rana. Shi ma mahaifinsa na cikin waƙar, don haka ban yi musu ba. Da ƙyar ya dawo da shi. Ina sakawa sai na ji fiyano da wata murya irin ta sauro tana kukan soyayya. Ashe budurwa yake nema, ya rasa kaset na banza, ya liƙe ramukan nawa da salatif ya ɗora mata waƙar fim a kai. Ita ma yarinyar maido masa ta yi.

Da na yi magana, dariya ya yi. “Haba, wanga kiɗi na mutanen da? Ai gyara ma shi na yi.”

Na je ɗaurin aurensa, na je sunan ’ya’yansa, amma ban yafe ba, ban kuma yi niyya ba.

Kada a ɗauka ina ƙin waƙar zamani. Akwai masu daɗi, suna nan a wayata. Haushina shi ne na’ura ta gyara muryar mutumin da ko ajin Islamiyya ba za a ba shi jan baki ba, ya yi ta kiran masoyiyar da babu ita. Makaɗin nan kuwa ya san motar wa ke zafi kafin ta kai garin Magama, ya san wa ke ɗaukar tsofaffi kyauta. Waƙar tana kaina tsaf, don da ita nake bugun taya.

Muna nan har furfura ta kama mu, babban ɗan maƙwabcin nawa ya buɗe situdiyon ɗaukar waƙa a cikin gari. Uban da kansa ya tako rumfata, ido ya fara yi masa hazo. Ya ce baitin tsohonsa ya ɓace masa sai farkon kawai, yana so in rera waƙar ɗansa ya ɗauka, jikoki su san wane ne kakan babansu. Na ce Allah ya kai mu.

Na je na rera ta daga farko har ƙarshe, an samo mai kukuma ya bi ni. Da na iso baitin mahaifinsa na tsallake shi na wuce na gaba. Ɗan bai san tsarin waƙar ba, sai godiya yake, yana Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Waƙa ta karɓu fiye da zatona. Ana ta tura ta waya zuwa waya, direbobi na neman sunan iyayensu a ciki. Maƙwabcin nawa ya saurare ta a gabana, ya sa aka maimaita, sannan ya juyo.

“Ɗan’uwa, ban ji na tsohona ba.”

“Daidai nan ne aka ɗora waƙar fim,” na ce masa.

Har yau rumfunanmu na jere, kuma da wuya yini ya wuce wata mota ba ta tsaya da waƙar a bakin shingen iyaka ba. Duk sanda aka zo wurin da baitin mahaifinsa ya kamata ya fito, sai ya ɗaga kai ya kasa kunne. Ni kuwa baitin yana bakina, ko harafi bai ɓace ba, kuma shi ya fi kowane baiti daɗi a waƙar. Sai in sunkuya in ci gaba da facina.