Ƴar Haenam da Kwasar Yaran Bene

Ranar Talata, huɗu ga watan Nuwamba, Pyo Geum-rye ta rasu a nan Mokpo, a Koriya ta Kudu, bayan jinyar huhu da ta yi tun damina. Mutane kaɗan ne suka san wannan sunan. A kasuwar bakin ruwa, inda ta tsufa tana sayar da busasshen kifi da ganyen teku, Ƴar Haenam ake ce mata, da sunan garin da aka auro ta. Ɗanta Tae-sik ne ya kira ni ya faɗa mini. Ina zaune ni kaɗai, kamar kullum tun rasuwar matata, ina fama da murfin kwalbar magani. Na ajiye wayar na ci gaba da murɗa murfin, domin ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Ni ne Wi Jae-gon, mai koyar da rubutun buroshi a benen da ke saman shagonki, Ƴar Haenam. Na girme ki nesa ba kusa ba, ke ya kamata ki rubuta mini wannan. Amma ko a nan sai da kika yi mini shigar sauri.

Na je zaman makokinki, Tae-sik ya riƙe ni na durƙusa a gaban hotonki, ya kuma ɗaga ni domin gwiwoyina sun ƙi. Na ga furanni jere a bakin zauren, dogaye kamar masu gadi, kowanne da ƙyallen da aka rubuta sunan mai aikowa da manyan baƙaƙe. Akwai na kansilan da kika yi ta sintiri ofishinsa yana sa a ce miki ya fita. Wanda ya fi kowanne tsawo na Uwargida Bang ne, mai shagon zinariya. Na tsaya na karanta su, domin sana'ata ce. Ko ina an rubuta sunanki ƙarami, nasu babba.

A ciki kuwa tebura ne da miyar nama tana hucewa. Ina matan kasuwa? Ina iyayen da kika share wa hawaye? Sun aiko da uzuri. Wai babbar jarrabawar shiga jami'a saura mako guda, kuma mai ɗa a bakin jarrabawa ba ya taka gidan makoki, kada rashin sa'a ya biyo shi gida. To, madalla. Har waɗanda ƴaƴansu suka gama makaranta tuntuni, ashe bana suna da mai jarrabawa. Ƴan kaɗan da suka zo sun sunkuya, sun fice da sauri, na ga ɗaya tana watsa wa kanta gishiri a bakin titi kamar daga juji ta fito. Ba rashin sa'a suke gudu ba. Tsoronsu a gan su a gaban hotonki, a ce me ya haɗa su da ke.

Ga abin da ya haɗa su. Ke kika ce in faɗa, ranar da na zo duba ki. Kika ce, “Malam, in na mutu ka buɗe bakinka. Na gaji da ƙarya, kai kuma ba ka da sauran haƙoran da za a zubar maka.”

Lokacin da Tae-sik yake saurayi ya faɗi jarrabawar nan, ya shiga ɗaki ya rufe, aka yi shekaru ba a gan shi a rana ba. Shi ya yarda in rubuta wannan. Kin kai shi wurin masu duba, kin dafa masa duk saiwar da aka ce a dafa. Daga ƙarshe kika sayar da rabin shagonki kika biya wata malama mai zama da masu ciwon damuwa tana sauraronsu mako-mako. A hankali ya fito. Yau shi ke tuƙa jirgin ruwan da ke kai mutane tsibirai. A lokacin matan kasuwa ba su bar komai a bakinsu ba. Sun ce jinin gidan ne, sun ce uwar ce ta yi masa yawa. Kin ji duka, kina auna musu kifi.

Da wata macen ce, da ta riƙe su a zuci. Ke sai kika lura cewa ba gidanki kaɗai ke da ɗaki a rufe ba. Kin san su ciki da bai. Asibiti ba za su je ba, suna tsoron sunan yaro ya shiga takardun inshora, wata rana masu ɗaukar aiki ko surukai su tono. Malamai masu zaman kansu irin wadda ta saurari Tae-sik kuwa tsada gare su. Amma in za mu faɗi gaskiya, ba tsadar kaɗai ba ce. Na ga mutumin da yake biyan makarantar lissafi da ta Turanci da ta fiyano, ɗansa yana cizon yatsunsa har jini, aka ce ya kai shi a saurare shi, ya ce, “Ni zan biya kuɗi don a yi hira da yaro? Zamaninmu wa ya yi hira da mu?” Da ganin yadda ya tashi, ai ka san ba a yi ba.

Ke ce uwar adashin matan kasuwa. Sai kika kafa doka: a kowane zagaye akwai kwasa ɗaya da ba ta kowa ba, kwasar yaran bene. Da ita ake biyan Malama Ha, wadda ta ƙware a aikin sauraron masu ciwon damuwa, ta riƙa zuwa duk Alhamis. Kowa ya yi zubi, ba a tambayar ɗan wa ya hau. Sannan kika hauro wurina da ƙunshin kifi a hannu.

“Malam, wancan ɗakin na bayan labule, me yake yi maka?”

Na ce littattafaina ne a ciki.

“Suna biyan haya?”

Haka aka yi. Yaro ya ɗauko jakar buroshi ya hau bene, uwarsa ta gaya wa maƙwabta ta sa shi koyon rubutun gargajiya wurin Malam Wi, don ya samu natsuwa. Ya gaishe ni, ya wuce bayan labule. In zai sauka in ɗiga masa tawada a yatsa. Wasu ɗalibaina rubutun suke koyo da gaske, saboda haka masu lissafin ƴaƴan mutane sai su yi ta lissafi, ba za su gane ba. Abin da ya fi ba ni dariya, iyaye da yawa sun zo suna yabon fasahata, wai tun da yaronsu ya fara rubutu ya koma cin abinci. Yaron da ko layi ɗaya bai taɓa ja ba.

A cikin masu hawa benen yanzu akwai ƴar Ok-bun mai feɗe kifi. Ok-bun ta ce in ambaci sunanta. Sunan yarinyar kuwa nata ne, ba zan taɓa shi ba. Ta zo mana bara, ba ta magana, tana sa riga mai dogon hannu a tsakiyar zafi, kuma an taɓa tsintar ta a kan gada ta cire takalmi. Yanzu ta fara dariya, har tana ce mini kakan tawada. Malama Ha ta gaya wa uwar cewa in aka yanke zaman a wannan gaɓar, gara ma da ba a fara ba. Mijin Ok-bun ya gudu ya bar ta, wuƙarta ce abincinsu. In babu kwasar nan, babu Alhamis.

Ba a yi sati biyu da binne ki ba Uwargida Bang ta kira taro, domin ita ta gaje ki a adashi. Na sa Tae-sik ya sauko da ni daga bene. Ta zo da baƙaƙen kaya da zobba. Ta fara da kuka, ta ce ba za a sake yin kamar Yaya ba, wato ke. Da ta goge ido sai ta ce ita dai tana ganin lokaci ya yi da mata za su huta, a ɗauki kwasar nan a je yawon buɗe ido tsibirin Jeju da bazara, don tunawa da Yaya.

“Ai Yaya tana son teku,” in ji ta.

Wadda ta yi rayuwarta duka tana warin teku, tana amai in ta hau jirgin ɗanta.

Sai ta ce a ɗaga hannu. Wata ta ce a rubuta a takarda a ninke, kamar yadda kike yi. Uwargida Bang ta yi murmushi ta ce, “Haba, mu da muke ƴan uwa, me za mu ɓoye wa juna? Duk mai buƙatar bene ta ɗaga hannu mu gani.”

Ban taɓa ganin wayo mai ƙazanta irin wannan ba. Na bi fuskokinsu da kallo. Na san wadda ta yi kuka a kan matakalata, na san wadda ɗanta yake aikin banki yau saboda ɗakin nan. Kowacce ta dubi cinyarta. Ɗaya ta shiga neman wani abu a jaka.

Ok-bun ce ta miƙe, da safar roba a hannu, domin daga kan aiki ta zo. Ta ce, “Uwargida, ba sai kin wahalar da idonki ba. Ƴata ce take hawa. Kuma ba rubutu take koyo ba, ko sunanta ba ta iya ja da buroshi. Ba ta da lafiya, ana yi mata magani. Ku je ku faɗa, har Jeju ku faɗa.”

Ta ɗaga hannu, ruwan kifi yana gangaro mata zuwa gwiwar hannu. Mai sayar da awara ta ɗaga, sai wata tsohuwa mai kayan miya wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Ni ma na ɗaga nawa. Uwargida Bang ta ce, “Malam, sauke, kada ka gaji. Maza ba sa cikin adashi.”

Mun sha kaye, Ƴar Haenam. Sun zaɓi Jeju. Suna fita na ji ana gardama a kan wane otal ne yake da abinci mai kyau. Ga mutanen da kika rufa wa asiri. Kin yi musu alheri yadda ba za su ji nauyinsa ba, ga shi kuwa ba su ji ba.

Matan nan uku sun fice daga adashin a ranar, sun kafa nasu. Bai isa yara duka ba. Malama Ha ta rage kuɗinta iya yinta, amma ita ma ba iska take ci ba, saboda haka sauran yaran an gaya wa iyayensu gaskiya cewa kuɗin bai kai ba, kuma har yau babu uwar da ta hauro ta tambayi yadda za a yi. Ƴar Ok-bun kaɗai aka iya riƙewa, zuwa ƙarshen sanyi. Ta zo Alhamis ɗin nan. Ta bi ta tsakiyar kasuwa, kowa ya san inda za ta, kowa yana yi kamar bai gan ta ba. Ta hauro benen. Ta ce, “Kaka, sun kalle ni.” Na ce sun kalle ki, sai me ya faru? Ta ce, “Ba komai.” Ta shiga.

Ni ba mai zuwa coci ba ne, kin sha yi mini gori a kai. Amma Ubangijin da kika yi wa aiki nake roƙo: Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki da kaifin bakinki, ya ba ki hutun da ba ki taɓa ba kanki ba. Ya ba Tae-sik da matarsa da jikokinki haƙuri, da danginki na Haenam. Ina yi wa Ok-bun ta'aziyya, da Malama Ha, da yaran da ba za su iya cewa sun yi rashi ba sai a ɓoye.

Masu tafiya Jeju kuwa ban yi musu ta'aziyya ba, domin ba su yi rashin komai ba. Allah ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya, ya sa su tarar da ƴaƴansu a raye.