Batirin da Inna Ta Ɗinka

Shekara ashirin da wani abu na yi ina gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a unguwar Zogbeli, kuma ban taɓa yarda akwai abin da zai gagari hannuna ba. Da kasuwar rediyo ta ja da baya, sai na koma haɗa batir. Nakan sayi matattun baturan kwamfuta, in fasa su, in tsamo 'yan sandunan ciki masu sauran rai, in jera su shida-shida, in haɗa da dalma, in manne su da gam. Masu shaguna suna saye saboda ɗaukewar wuta. Sunana ya kai har unguwar Jisonayili, kaina kuwa ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Akwai wata tsohuwar Bafulatana daga rugar bayan unguwar Gumani da ke kawo nono gari. Kullum da hantsi a inuwar rumfata take sauke ƙwaryarta. Inna nake ce mata, ita kuma tana ce mini Masta, amma da wata irin murya mai nuna cewa ba ta gama yarda da mastancin ba. Ni ina tsokanarta cewa tana ƙara wa nono ruwa, ita tana cewa rediyon da na gyara ba ya wuce Juma'a biyu.

Wata shekara zafin watan Maris ya zo da ƙarfinsa, irin wanda kwalta ke kama takalmi. Ran nan Inna ta sauke kaya, ba ta ko amsa tsokanata ba.

"Masta, tsoho ba ya barci," in ji ta. Mijinta take nufi. "Ƙirji ya riƙe shi, zafi ya danne shi. In ya kwanta numfashi ya tsaya. Kwana bakwai yana zaune kamar mai gadi. Likita ya ba magani, ya ce a samu iska. Ina zan samu iska? Rugan mu ba lait, ba wutar lantarki."

Na ce mata wannan ai ƙaramin aiki ne. Ina da wata 'yar fanka a ajiye. Zan haɗa mata batir, ta riƙa zuwa da shi da safe in sa a caji tana tallanta, da azahar ta koma da shi gida. Na bugi ƙirji na ce tsoho zai yi barci har ya gaji.

Gam ɗin da na saba da shi shi ne mai kama da kyandir, wanda ake narkawa da 'yar bindiga. Da shi na manne duk baturan da na sayar, ba wanda ya taɓa dawowa. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, waɗancan a kan kantar shago suke zaune cikin inuwa. Na Inna kuwa a saman kaya yake tafiya, a bayan keke mai ƙafa uku, rana tsaka. Kwana biyu ya yi. Rana ta uku ta buɗe tsumma ta ajiye mini shi a kan tebur. Gam ya saki ya yi laushi kamar man kaɗanya, sanduna sun zame, waya ta tsinke.

"Masta, na ce ka ba ni batir, ka ba ni miya," ta ce.

Na yi dariya, amma raina ya sosu. Na ce to, tunda zafi ne matsalar, bari in sa wanda ba ya narkewa. Na ɗauko sufa gulu na zuba masa ba tausayi, har yatsuna biyu suka manne da juna, Inna tana kallo tana riƙe ciki don dariya. Ya bushe ya yi tauri kamar dutse. Na miƙa mata da hannu biyu, na ce ko jikokinta sai sun gaji wannan.

Hanyar da ke bi ta bayan Gumani zuwa rugarsu ramuka ce zalla. Abin da ya yi tauri kuwa ba ya jure girgiza. Kwana ɗaya kacal, gam ya tsage, dalma ta ɓalle. Da ta dawo da shi, na shirya wa baƙar magana, har na tanadi amsa. Sai ta ajiye kawai ta ce, "Jiya ma tsoho a zaune ya kwana." Ta ɗauki ludayinta ta juya mini baya. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya shige ni, don na gane kowane kuskurena wani ne ke biyansa da numfashinsa.

Na rufe rumfa na hau babur na je wajen masu sa gilashin taga, na sayo silikon, gam ɗin da ko ya bushe yana nan kamar roba. Ina buɗe shi Inna ta toshe hanci.

"Kai! Wannan ya fi nonon jiya tsami. Ba zai hau kayana ba, warin zai shiga nono, kostoma su gudu."

Na yi ta bayani, ta ƙi. Dole na koma in canza. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Ah, Masta, waya za ka manne? Ai mai tsamin nan cin ƙarfe yake yi. Ga marar wari, shi ne na aikinku." Na gyaɗa kai kamar dama na sani. Ban taɓa gaya wa Inna cewa hancinta ya fi ilimina ba, sai yau da nake rubutawa.

Saura matsala guda. Silikon yana son yini kafin ya kama, kuma shi kaɗai ba zai riƙe nauyin sanduna shida a wannan hanya ba. Ina zaune na dafe kai, sai Inna ta jawo wata tsohuwar ƙwarya daga kayanta ta kife mini a gaba. Tsaga ce tun daga baki har gindi, an ɗinke ta ƙulli-ƙulli.

"Shekara goma tana bin wannan hanya," ta ce. "Abin da ke tafiya ba a manne shi, ɗinka shi ake yi. Gam na toshe ƙofa ne kawai. Kawo robar keke."

Na yanko tsohon tub, na sa kwali tsakanin sandunan, na naɗe. Ta zaro basilla da zaren buhu daga ɗaurin zaninta.

"Inna, don Allah kada basilla ta taɓa batir, wuta zai kama!"

"Ka taɓa ganin na huda nono?" ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ɗinke robar tsaf, ta ja ta ɗaure, ya zama in ka matsa ya ɗan ba da kai ya dawo. Ni kuma na ɗiga silikon a mahaɗar wayoyi kaɗai. Ya kwana a rumfa ya bushe. Washegari ta saka shi cikin ƙaramin ƙoƙo da na huhhuda don iska, ta tafi.

Kwana biyar tana kawo shi caji lafiya lau, amma ko uffan ba ta ce mini ba game da tsoho. In na tambaya sai ta ce, "Yana nan." Abin ya ishe ni. Ranar Lahadi bayan azahar na hau babur na nufi rugar, ina tsara a raina yadda zan karɓi godiya da kunya-kunya, wataƙila har da kaza.

Tun daga nesa na hango ta a ƙofar bukka tana ɗaga mini hannu in kashe inji. Na kashe, na turo babur da ƙafa. Na buɗe baki zan yi sallama, ta sa yatsa a leɓe, ta ɗage asabari kaɗan.

Tsoho yana kwance a kan tabarma, rigingine, baki buɗe, yana minshari. Fanka tana kaɗa masa gemu. A gefensa wani ɗan maraƙi ya shigo ya miƙe wuya yana shan rabonsa na iskar.

"Ka gani?" ta raɗa mini. "To koma. Kar ka tashe shi."

Ko ruwa ba a ba ni ba. Na tura babur ɗina cikin rana har sai da na wuce garken shanu kafin na tayar, ina dariya ni kaɗai, idona cike da ƙwalla.