Gadon da Muka Kai Bayan Kufena

Gwiwoyina sun riga ni yin ritaya. Yanzu ko dakalin ƙofar gidanmu a Limancin Kona sai na dafa bango nake hawa, alhali a da ni ce mai hawan duwatsun bayan Kufena da jakar awo a kafaɗa, ina tafiya ina yi wa hanya masifa. Ungozoma ce ni a ƙaramin asibitin unguwa, kuma cikin ƙauyukan da aka ɗora mini akwai wani da ya maƙale a tsakanin duwatsu. Da rani ɗan acaba yakan kai ka kusa. Da damina kuwa a bakin rafi zai sauke ka, ka ƙarasa da ƙafa a kan duwatsu masu santsi.

A ƙauyen akwai wata mai daddawa da muka saba. In ta shigo birni talla sai ta biyo ta gidana ta sha ruwa, ta bar mini ƙulli ɗaya ko na ce a'a. A shekarar da nake ba da labari tana da ciki, kuma cikin bai yi mini ba ko kaɗan. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, jininta ya hau. Na ce ta dawo gidana ta zauna har ta haihu.

Ta yi dariya ta ce, "Hajiya ke nan! To wa zai duba mini yara da awaki? Ga damina ta kama."

Na yi faɗa har na gaji, ba ta canza ba. Daga nan na san abin da ya rage mini shi ne yadda za a sauko da ita ranar da abin ya taso. Su dai a can, mara lafiya a bargo suke saka shi, maza su kama bakin bargon suna tangaɗi, ana hutawa ana ɗauka. Mace mai naƙuda da hawan jini ba ta da wannan lokacin.

Na kai kuka ofis, aka ce za a duba. Na san wannan dubawar, ta girme ni. Sai na tafi wurin wani mai walda a Ƙofar Jatau, na zana masa abin da nake so a ƙasa da tsinke. Ya haɗa mini gado na bututun ƙarfe mara nauyi, mai naɗewa, da tamfol kore a tsakiya, da mariƙai huɗu da ya naɗe da soso don kada su ci kafaɗa. Wallahi gadon ya yi kyau. Ranar da na gan shi har addu'a na yi wa mutumin nan.

Muka hau da shi. A ƙofar gidan mai unguwa na tara mutane, na sa samari huɗu suka ɗaga shi a kafaɗa don a ga yadda ake yi. Wata tsohuwa ta ce innalillahi, ta ja jikokinta ta shige gida. Na ce wani ya zo ya kwanta a gwada, kowa ya kalli ƙasa. Haushi ya kama ni, na cire takalmi na haye da kaina na miƙe. Suna ɗaga ni wani dattijo a gefe ya soma kalmar shahada, bakinsa ya riga hankalinsa.

Da aka sauke ni mai unguwa ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Mu dai a nan, wanda aka ɗauka a kwance a kafaɗar maza huɗu ba ya dawowa."

Na ce, "To Baba, ni da na hau yanzu, mutuwa na yi? Ga ni nan ina yi muku surutu!"

Aka ɗan yi dariya, amma ba wanda ya matso. Na juya wurin mai daddawa, don ita na yi wannan wahalar. Tana zaune a kan turmi ta miƙe kumburarrun ƙafafunta.

Ta ce, "Hajiya, ba zan hau makara da raina ba. In yarana suka gan ni a kai fa? Da ma a zaune ne, da na hau."

Na bar gadon a zauren mai unguwa ko za su sake tunani, na sauko ina huci. Washegari na koma Ƙofar Jatau na ce wa mai walda kujera nake so, mai majingina da wurin ɗora ƙafa, da dogayen sanduna biyu a gefe. Ya ce ba matsala. Sai wuta ta ɗauke a unguwar ta ƙi dawowa, janaretansa kuma yana wurin gyara. Kullum in na tashi aiki sai na biya, in tarar da ƙarafan a yanke a jingine, shi yana zaune yana korar ƙuda. In yi masa masifa, ya ce, "Hajiya, da haƙori zan liƙa?" Ba laifinsa ba ne, amma shi ne a gabana.

Da aka gama kujerar muka ɗaure ta a kan keke napep har bakin rafi, wasu manoma biyu suka taya ni hawa da ita. Hantsi ya yi lokacin da muka isa. Tun daga nesa na ga maza zazzaune a tabarmi a ƙofar gidan mai daddawa.

Mijinta ne ya gaya mini. Naƙuda ta taso mata jiya da azahar. An kawo gadon, ta ce a mayar. Da jijjiga ta kama ta, hankalinta ya gushe, ya ce ba zai ɗora ta a kan abin da ta ƙi da bakinta ba, sai suka saka ta a bargo. An yi ruwa, duwatsun na santsi, suna tafiya suna hutawa. Ba su kai rafin ba. Ita da abin da ke cikinta duka.

Ina tsaye sai liman ya matso, dattijo mai kirki, yana so ya sanyaya mini rai.

Ya ce, "Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Da gadon nan naki muka kai ta. Tsohuwar makararmu ta icce nauyi gare ta, wannan kuwa ko yaro ya ɗauka."

Na nemi wurin zama, babu komai kusa sai kujerar, na zauna a kai na yi kuka irin wanda ban taɓa yi a gaban maza ba. Da na tashi tafiya gwiwoyina suka ƙi, sai manoman nan suka kama sandunan suka sauko da ni a zaune har bakin rafi. Tafiyar ba jijjiga, ba tsayawa hutu, kafin in share fuska mun iso.

Kujerar ta sauko da mata da yawa bayan nan, wasu har sun kawo mini jariran na gani. Gadon kuwa an mayar da shi masallaci. Na daina cin daddawa tun daga shekarar, kuma in yarana suka tambaye ni dalili sai in ce hawan jini ne.