Finafinan Hajiyar ƙasan benenmu

Shekarata ta farko a unguwar Hayyin Ashir, can ƙasar Larabawa, mijina kan tafi jami'a da sassafe, ba zan sake ganinsa ba sai bayan la'asar. Larabcina bai wuce na sayen tumatir ba. In share ɗakin da na riga na share, in leƙa taga, in dawo. Duk ginin mutum ɗaya ke jin Hausa, wata tsohuwa a ƙasan benenmu, Bahaushiyar Sudan. Yaƙi ne ya koro ta ita da 'yarta, mijinta kuwa ya ƙi barin gida.

Bayan azahar takan kunna tashar da ke saka tsofaffin finafinan Turawa marasa kala, na soyayya a lokacin yaƙi. Fassarar Larabci na gudu a ƙasa, ita idonta ya yi rauni, ni ba na cim mata. Turancin kuma da hanci suke yin sa. Sai mu zuba wa fuskokinsu ido.

Haushi suke ba ni. Soja zai hau jirgin ƙasa, matar ta tsaya ƙiƙam tana gyara masa wuyan riga. Ba kuka, ba komai.

"Hajiya, wannan ba ta iya fim ba. Ta ce masa kar ya tafi mana!"

"Ke dai 'yar nan, bakinki ya fi idonki sauri. Dubi hannunta."

Na duba. Maɓalli ɗaya take ta ɓallewa tana mayarwa.

"To sai me? Maɓalli zai hana shi tafiya?"

Hajiya ta kurɓi shayinta. "Ranar da na baro Alhaji, tambayarsa na yi ko ya sha maganinsa. Khalas. Abin da na ce ke nan."

Ban yarda ba. A raina na ce da ni ce, da na faɗi abin da ke cikina.

Da sanyi ya shigo 'yarta ta sami aiki a Iskandariya, za ta tafi da Hajiya. Kwana uku ina shirya magana: cewa in ta tafi, sai in wuni ban buɗe baki ba, ko za ta zauna tare da mu ko na wata ɗaya. Ranar tafiyar na fito mata da jaka. Direba na ta "yalla, yalla", wai a yi sauri. Na tsaya gabanta, na ji kaina ina cewa:

"Hajiya, kin ɗauki maganin hawan jininki?"

Ta kalli hannuna. Ashe bakin mayafinta nake ta naɗewa a yatsa.

"Ma'alish, yi haƙuri, 'yata," ta ce, ta zare shi a hankali, ta shiga mota.

Washegari bayan azahar na nemo tashar a talabijin ɗinmu. Wata ce kuma a bakin jirgin ruwa, ta yi shiru. Na ce mata, "Yi magana mana, ke!" Na saurara kaɗan, ko za a ce min bakina ya fi idona sauri.