Kuɗin Shiga

Na haura arba'in kafin na riƙe fensir. Ajin yaƙi da jahilci ne na mata a Ƙaura, bayan mun baro ƙauyenmu na wajen Zurmi, kuma abu ɗaya ya kai ni: an ce kyauta ne. Malamarmu sa'ar ɗiyata ce, aikinta kuwa a kanmu yake rataye. In aji ya watse, rufewa za a yi.

Wata Laraba da za mu tashi ta ce, "Gobe sai maganar kuɗin shiga, kowa ta zo da shirinta."

Muna fita na tara mata na yi musu fassara: an fara karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Dama kyautar ɗanɗanon mai tsire ce. Na ce kowa ta zauna gidanta.

Washegari na tafi yin faɗa. Ɗaliba guda na tarar, Hajiya matar dillalin hatsi, wanda ke saye geronmu da kaka a Shinkafi ya sayar mana da damina. Tana riƙe da sababbin kuɗi tana neman mai karɓa.

"Malama, nawa kuka sa wa ƙofar?" na ce. "In ji da kunnena."

"Wace ƙofa, Inna?"

Sai da ta sha dariya har da hawaye, sannan ta ce kuɗin shiga shi ne abin da sana'ar mutum ke shigo masa da shi.

"To ni ba ni da shi," na ce. "Kuɗin daddawata daga zaure suke sallama, mai niƙa ya amsa musu. Na wucewa ne. Tambayi Hajiya, gidansu suke kwana."

"Albarka ce, Yaya," in ji Hajiya.

"Albarkar gerona. Har buhun na gane."

Malama ta dubi tabarmi wayam, dariyar ta ɗauke. Mai duba makarantu na tafe ran Litinin.

Ban ba kowa haƙuri ba, laifin na wanda ya raɗa wa samu wannan suna ne. Amma na bi gida-gida. Na ce kyauta ne, suka ce an saye ni. Sai na ce ran Litinin Hajiya za ta faɗi abin da ke shiga gidansu a gaban kowa.

Har waɗanda ba 'yan aji ba suka zo da goyo, mai dubawa ya rasa wurin tsayawa. Hajiya ce kaɗai ba ta zo ba. Wai ciwon kai.